Gyaran ɓangarena a Zango da kuɗin adashe

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Jiya na ɗauki adashe, jaka 90 cif, wato sefa dubu 90. Tun kafin damina nake lissafin abin da zan yi da kuɗin nan, kuma lissafin duk na labule ne da leda da sabon zanin gado. Damina ta zo ta sauya mini shi. Ruwan da ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni ta garinmu Damagaram ranar 3 ga Satumba bai bar mu ba mu ma a nan Zango. Masallacin da yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, wanda kaka da kakanni suka yi salla a ciki, ya zube mutane suna kallo suna salati. Namu Allah ya taƙaita. Bangon gabas na falona ya tsage daga ƙarƙashin indararo har zuwa daidai ƙugu, fenti ya kumbura yana ɓarewa, ɗakin kuma ya kama warin danshi irin wanda turaren wuta ba ya kashewa.

Gidan na ƙasa ne, na gado, mahaifin maigidana ya gina shi. Ɓangarena ciki da falo ne da 'yar rumfa a gaba. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga wata saboda ambaliya, don haka ni da nake koyarwa, kafin ranar hannuna ba alli. Na ƙudurta duk abin da zan iya da kaina ni zan yi, abin da ya fi ƙarfina kawai zan biya. Zan riƙa rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe, don kada kuɗin su zurare ban san inda suka bi ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Mun fitar da komai rumfa, ni da yara. Sai da falon ya zama wayam na ga girman aikin.

Inna, uwar maigidana, ta aika aka kira tsohon maginin da ke duba gidan tun zamanin marigayi. Bai ce komai ba da ya shigo. Ya dunƙule hannu ya bi bango yana ƙwanƙwasawa, kunnensa kusa da shi. Daga sama sautin a toshe yake. Da ya sauko wajen da aka yi wa shafen siminti shekarun baya, sai ya koma kwaf-kwaf, alamar babu komai a bayansa. Ya sa bakin cokalin gini ya ɗan ɓanɓara, faifan siminti guda ya faɗo, ga ƙasa jiƙe sharkaf a baya, ga hanyoyin gara sun yi rassa har sama.

Ya ce, "Malama, kin ga abin da nake gaya wa mutane. Bangon ƙasa numfashi yake yi kamar mutum. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani. In kin rufe shi da siminti kin bi da fentin mai, ruwan ya shiga ta sama ko ta gindi, ta ina zai fita?"

Na ce, "To Baba, ya za a yi?"

Ya ce a ɓare simintin gaba ɗaya, a bar bango ya sha iska, a gyara indararo tukuna, sannan a yi yaɓe da irin ƙasar da aka yi ginin da ita. Maganar ado kuwa ya ce in ajiye ta sai bango ya bushe. Azarar rufi ya duba ta ɗaya bayan ɗaya da tsinin wuƙa, ya ce lafiyarta lau, ta giginya ce, gara ba ta cika samun sa'arta ba, kuma yanzu ko da kuɗi samun irinta sai an sha wuya. Ya hana ni abin da na so yi, wato shimfiɗa yadi a ƙarƙashin rufin don ya ɓoye itacen. A cewarsa nan ɓera ke yin gida, kuma in rufi ya fara yoyo ba za a gani ba sai ya yi nisa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Na shiga Kasuwar Dole da 'yar takardata a hannu don kada ido ya ja ni. Farar ƙasa, ƙaro, gishiri, bula da babban burushi, jaka 9. Na wuce layin masu labule ban tsaya ba.

Da la'asar aka kawo jar ƙasa amalanken jaki biyu, jaka 6. Ƙanin maigidana da manyan yara suka farfasa ta, aka tsince duwatsu, aka zuba ƙaiƙayin gero da kashin jaki, aka kwaɓa da ƙafa. Baba ya ce a rufe ta a bar ta ta tsima, kullum a yayyafa ruwa a sake tattakawa. Ƙasar da ta tsima tana yin danƙo, ba ta tsattsagewa in ta bushe.

Ruwa ma kuɗi ne a garin nan, duk ɗan Damagaram ya sani. Yanzu da sauƙi, famfo yana kawowa da dare, in ya ƙi 'yan garuwa ba su tsauwala ba. Wanda ya bar irin wannan aiki sai watan Afrilu, kuɗin jarkoki kaɗai sai ya cinye rabin abin da ya tanada. Na ware jaka 5 na ruwa daban na sa a gwangwani.

Laraba, 16 ga Oktoba

Yau an yi 'yar muhawara a tsakar gida. Ƙanin maigida ya shigo da labarin gwamnati ta rage farashin siminti a makon nan saboda waɗanda gidajensu suka rushe. Ya ce, "Matar yaya, tunda ya yi sauƙi a shafe bangon nan da shi mana a huta. Wa ke yaɓen ƙasa a cikin falo yanzu? Baƙi su shigo su ce ƙauye suka zo."

Na san abin da yake ji, don ni ma na daɗe ina jin haka. Mun taso muna ganin siminti da fenti mai ƙyalli su ne alamar an samu. Amma na ɗauko masa ɓaren da Baba ya cire, na juya masa bayansa ya ga gidan gara manne a jiki. Ragin farashin alheri ne babba ga mai ginin bulo da mai zuba daɓe, ni ma zan sayi buhu ɗaya don tsakar ɗaki. A jikin bangon tubali dai ba zan sake sa shi ba. Kuma ina mamakin yadda muke jin kunyar abin da baƙi ke zuwa daga nesa su ɗauka a hoto. Fadar Sarkin Damagaram da ƙasa aka gina ta. Tun 2006 Nijar ta miƙa sunan Birni da fadar ga UNESCO a jerin wuraren da take neman a sa cikin kayan tarihin duniya. Gidajen Birni da na nan Zango masu zane a fuska da zankwaye a sama, ba wanda ya taɓa kiran su ƙauyanci sai mu masu su.

Inna tana jin mu daga kan tabarma, ta ce da shi, "Kai dai ɗebo ruwa ka yayyafa wa ƙasar can." Magana ta ƙare.

Asabar, 19 ga Oktoba

Baba ya fara da sama. Tsohon indararon gajere ne kuma ya fashe daga gindi, shi ya sa ruwa maimakon ya zuba nesa sai ya riƙa bin jikin bango. An sa sabo mai tsawo, jaka 4, ya liƙe gindinsa sosai, ya gyara gangaren rufin yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Tsagar kuwa na zata cusa mata ƙasa zai yi kawai. Sai na ga ya ƙara buɗe ta da cokali, ya share garin da ke ciki, ya jiƙa ta, sannan ya riƙa jefa curin ƙasa da ƙarfi har ya shige can ciki. Bai cika ta lokaci ɗaya ba. Ya ce in aka cika da kauri, waje ya bushe ciki yana ɗanye, sai ta sake buɗewa. Yaɓen ƙarshe da tafin hannu ya yi shi, ya kuma bar ni na yi ɓangaren bayan ƙofa da kaina. Ƙasar tana da sanyi da santsi, in ka matsa ta da gindin tafi kana ji tana kama bango. Nawa bai kai nasa laushi ba, amma ya duba ya ce ya zauna.

Inna ta sa an kawo mata ɓawon ɗorawa daga wajen danginta na Magarya. An jiƙa shi ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, makuba ke nan, aka haɗa da ƙasar da aka yaɓe bayan bangon ta waje inda ruwa ke duka. Ladan Baba jaka 15, har da yaron da ke miƙa masa. Ban nemi ragi ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Kafin bango ya bushe na koma kan gadon ƙarfe na aurena. Tsatsa ta ci ƙafafunsa saboda danshi. Na kankare da tsohuwar wuƙa, na bi da samfefa har ƙarfen ya fito, na goge da tsumma mai kananzir. Jan fenti mai hana tsatsa shi ne farko, sai ya kwana ya bushe sannan a bi da launin da ake so. Na zaɓi shuɗi mai duhu. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don mai kaurin zubowa yake yi ya daskare da ɗigo-ɗigo. Da sassafe nake yi kafin iska ta tashi ta watsa masa ƙura. Fenti, samfefa da kananzir, jaka 8 da rabi, kuma zai isa har kujeru da taga.

Wata maƙwabciya ta ba ni shawara in shafa wa ƙafafun kabad baƙin man mota don gara. Na san ana yi, a jikin dirkar rumfa ko shinge ba laifi. Cikin ɗakin da yara ke kwana kuwa ban yarda ba, ga wari ga ɓata shimfiɗa. Na ɗora kowace ƙafa a kan ɓallen tayil, na janye kabad ɗin daga jikin bango da faɗin tafi, yadda zan riƙa leƙa bayansa in share.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Buhun siminti ɗaya har da kawowa, jaka 3 da rabi. Mun toshe ramukan daɓe ni da ƙanin maigida. Tsohuwar ledar na naɗe ta na ba masu kiwon kaji. Gobe makaranta, aiki ya koma na Asabar da Lahadi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Farar ƙasa. Wannan shi ne aikin da na fi jin tsoro, shi ne kuma ya fi faranta mini rai.

Tun daren jiya na jiƙa ta a babban baho. Ƙaron na daka shi na jiƙa a ruwan ɗumi daban har ya narke. Da safe na tace farar ƙasar da tsohon ɗankwali don kada tsakuwa ta bi burushi, na zuba ruwan ƙaro, gishiri cikin tafi a kowane bokiti, da bula kaɗan, iya abin da zai kashe ɗorawa-ɗorawan da ke cikin farin. Ƙaro shi ke riƙe ta a bango. Duk gidan da ka jingina ka tashi da farin baya, an yi shafen ba shi ne, ko an yi shi da kauri. Irin ta buhu tana cin hannu, don haka na ɗaura leda a hannuwana, yara kuma na kore su waje saboda ido.

Abin da ya kamata a gaya wa duk mai yi karo na farko shi ne kada ya tsorata da shafar farko. Tsararo ake yin ta, ruwa-ruwa, kuma sai an yayyafa wa bango ruwa kafin a fara don kada ƙasa ta zuƙe ta nan take. Da na gama bango ɗaya na ja baya, sai na ga toka-toka, jar ƙasa tana leƙowa ta ko'ina. Babbar 'yata ta leƙo ta taga ta ce, "Mama, ai bai yi ba." Na ce ta bari a yi azahar. Kafin la'asar farin ya fara fitowa daga sama yana saukowa, wurin da ya bushe fari, wurin da yake ɗanye toka. Gobe zan yi ta biyu, wannan karon burushi a kwance tunda na farko a tsaye na ja shi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Bayan shafa ta uku ɗakin ya yi haske har ba na kunna fitila da rana. Warin danshi ya tafi.

Fari ba ya jimre hannun yara da man kitso, wannan kowace uwa ta sani. Don haka daga ƙasa zuwa daidai ƙugu na yi masa zobe da jar ƙasa. Ragowar ta yaɓe ce na tankaɗe da rariya, na jiƙa, na tace, na sa mata ƙaro. Ko dala ban kashe ba. Don layin ya miƙe, na auna da sanda a kowace kusurwa, muka ja zare da aka turmusa a garin gawayi, 'yata ta riƙe can na riƙe nan, na ɗaga tsakiya na saki, ya bar baƙin layi siriri a bango. Jan ya bushe ya koma launin tukunyar da aka gasa da kyau. Ƙanin maigida ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran ƙasar.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na je Miriya, yau kasuwarta ke ci. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, amma na daɗe rabona da ita. Tukwanen Miriya ba sai an yi musu talla ba, duk ƙasar nan an san su. Matan suna zaune a bayan randuna da tuluna da kasake jere, wasu da zanen fari da ja a wuya.

Wata dattijuwa ta koya mini zaɓe. Ta ce, "'Yata, kada ki kalli zane, ki saurara." Ta ƙwanƙwasa randa da zoben hannunta, ta yi ƙara mai tsawo. Ta ƙwanƙwasa wata, sautin ya mutu nan take. Ta ce wannan tana da tsaga a ɓoye ko wuta ba ta ratsa ta ba, kuma ta ajiye ta gefe ba ta sayar mini ba. Na ɗauki randa ɗaya matsakaiciya, kaskon turare, da ƙananan tukwane biyu da zan dasa na'ana'a a rumfa. Da kuɗin mota da na mai ɗauka, jaka 6. Na rungume randar a cinya har gida.

Tabarmar kaba babba guda biyu, jaka 4. Ta roba ta fi arha kuma ta fi launi, sai dai da zafi tana manne wa jiki, in ta fara zarewa kuma ba gyara. Ta kaba ana yi mata baki da ƙyalle ta shekara da shekaru.

Randar zan cika ta in zubar har warin ƙasa ya fita, sannan ta zauna a rumfa kan yashi, nesa da bangon da muka sha wuyarsa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kujerun ƙarfe uku na rumfa, masu saƙar igiyar roba, rana ta cinye igiyar duk ta tsintsinke. Ɗaya ƙafarta ta ɓalle, mai walda ya ɗinke ta a dala ɗari, wato rabin jaka. Na fente su da ragowar shuɗin gado.

Akwai wani mai saƙa kujeru da ke zama gindin dogon yaro a hanyata ta makaranta. Na tsaya na gaishe shi na ce ina so in koya, ba kawo aiki zan yi ba. Bai ɓata rai ba. Ya ce, "Hajiya, zauna ki gani, ba asiri ba ne." Abin da na ɗauko a wurinsa: a shanya igiyar a rana ta yi laushi kafin a fara, in ta huce sai ta ɗaure tamau. A fara da na tsaye, kowane zagaye a naɗa shi a jikin ƙarfe kafin a wuce, don ko ɗaya ya tsinke sauran ba za su warware ba. Na kwance kuma ana ɗaga huɗu a danne huɗu, ana turawa da sanda su matsu. Ƙulli duk a ƙarƙashi yake, inda ba zai soki mai zama ba.

Igiya fara da shuɗiya, jaka 6. Kujerar farko ta ci mini yini guda, yatsuna suka yi kanta. Amma da maigida ya dawo daga tafiya ya zauna a kai bai lotsa ba, sai da na gaya masa sannan ya san ba saye na yi ba.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ba a taɓa komai ba kwanan nan. Autana ya yi zazzaɓi, ga gyaran takardun yara. Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi.

Asabar, 14 ga Disamba

Kushin guda biyu na falo katakonsu lafiya lau, soso ne ya mutu, yadin kuma ya ƙoƙe. Na kwance su da kaina, na ajiye tsohon yadin don tela ya yanka sabo a kansa. Sabon soso na mazauni kawai na saya. Tsohon na yayyanka shi ƙanana na cika matasan jingina da shi. Yadin kuwa wani labule ne mai kauri na samu a gwanjo, ruwan ƙasa, na wanke shi kafin a yanka don in zai shiga ya shige tun yanzu. Na ce tela ya sa zif a baya yadda zan riƙa cirewa in wanke. Soso, yadi da ɗinki, jaka 10.

Labule shi ne abin da na fara wannan lissafi dominsa, ga shi ban saya ba. Na buɗe akwatina na fito da zannuwan atamfa da na daina ɗaurawa. Turmi zane uku ne, kuma kusan kowane turmi akwai zane ɗaya da bai sha wanki kamar 'yan'uwansa ba. Na zaɓi masu shuɗi da ja, na tsaga su tsaye da faɗin taki, na jera a kan gado ina sauya musu wuri har idona ya kwanta. Keken Inna na hannu na aro na haɗa. Na yi masa shafi da tsohon farin zanin gado don rana kada ta cinye launin. Akwai na sunan babbar 'yata a ciki, akwai na bikin ƙanwata. Duk wadda ta shigo sai ta tsaya tana nuna wanda ta gane.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya. Na ɗauki timtim biyu na marigayi da suka daɗe a ɗakin ajiya na kai wa baduku. Sun yamutse, ɗinkin gindi ya farke, fatar ta bushe har tana neman karyewa. Ya juya su a hannu ya ce aikin da ne, fatar akuya ce da aka jeme da bagaruwa, jan kuma na karan dafi ne, shi ya sa har yau bai mutu ba. Dukancin Damagaram ba sabon abu ba ne a wurin kowa, amma ni kaina sai yau na zauna na ga yadda ake huda fata da basilla a ja zaren fata a bi ramin da tsohon ɗinki ya bari, ba a sake sabon huji ba. Jaka 2 da rabi ya karɓa.

Ya ce kada in wanke su da ruwa. In goge ƙura da busasshen tsumma, in shafa man kaɗanya kaɗan-kaɗan da yatsa, in bar su a inuwa su sha. Ciko kuwa ƙyallayen tela sun fi soso, don suna da nauyi, timtim ya zauna daram. Telan da ya yi mini kushin ya ba ni buhu guda kyauta, da ma zubarwa yake yi. Na cusa ina dannawa da taɓarya har suka tashi suka yi ƙiba. Da man ya shiga, zanen kore da baƙi da ban san yana nan ba ya fito a saman ɗaya.

Inna ta sa aka kawo mata ɗaya ta dafa shi, ta ce a kansa marigayi yake jingina in yana jin labarai a rediyo. Na bar mata shi a ɗakinta. Ɗaya ya ishe ni.

Alhamis, 26 ga Disamba

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, duwatsun Birni ma da ƙyar ake hango su. Ka share ɗaki da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kan kabad. Na sa wa taga raga, jaka 3, na kafe ta da siraran katako. Ƙarƙashin ƙofa kuma na ɗinka doguwar jaka da ƙafar tsohon wando na cika ta da yashi na tare wurin. Ƙurar ta ragu sosai, sanyin asuba ma haka.

Na shafa tafina a bango don in ga ko bushewar iska ta sa farar ƙasar ta fara gari. Ba ta kama hannu ba. Wata 'yar siririyar tsaga ta fito a gefen yaɓen da na yi da kaina, na cike ta da yatsa na bi da burushi.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Jere. Na daɗe ina ganin jeren kwanuka abin tsofaffi ne, nawa suna cikin kwali tun da aka kawo ni. Inna ta ce in fito da su. Muka zauna a rumfa muka wanke kwalla da samira da toka da soson kaba, ita tana gaya mini wanda uwata ta saya da wanda gwaggona ta ba ni, abin da ni kaina na manta. Ba duka na jera ba. Na zaɓi masu lafiya na ɗora a kan kabad, manya a ƙasa ƙanana a sama, sauran na mayar.

Faya-fayai kuma bango na kai su. A nan ne na koyi cewa ƙusa ba ta zama a bangon ƙasa, tana shiga da sauƙi ta fito da sauƙi, ta tafi da ɓaren yaɓe. Inna ta sa aka feƙe 'yan turaku na itace masu tsawon yatsa, aka kafa su bakinsu yana kallon sama kaɗan, aka liƙe gindinsu da ɗanyar ƙasa. Na rataye faifai bakwai a saman jan zoben, ba a layi ɗaya ba, babba a tsakiya. Biyu saƙar Inna ce tun tana da ƙarfin ido. Ta ce, "'Yar nan, wancan na hagu juya shi, bakin saƙar ƙasa yake kallo." Na juya.

Cikin akwatunan tufafi na zuba busasshen ganyen dogon yaro saboda ƙwari.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙwan fitilar falo tsirara yake rataye tun da aka jawo wuta gidan. Na samu wata ƙwarya da ta tsage a baki, ba ta riƙe fura kuma. Na zana mata ɗigo-ɗigo da alli, na huda da ƙusa mai zafi, na yi babban rami a gindi inda waya za ta bi. Sai da na sauya ƙwan da irin wanda ba ya zafi, jaka 1, don na da zai iya ƙona ta. Ƙanin maigida ya kashe wuta daga mita kafin ya ɗaura.

Na zauna na haɗa lissafi. Gwangwanin ruwa ya ƙare tas. Duka abin da ya fita jaka 84, saura 6. Fiye da sulusin kuɗin bango da indararo suka ci, wurin da baƙo ba zai taɓa kallo ya yaba ba.

Jaka 6 ɗin ba zan taɓa su ba. Baba ya ce kafin ruwan farko, wajen watan Mayu, zai dawo ya hau rufin ya duba, a kuma ƙara wa gindin bango ƙasa ta waje. Madafa ce ta rage, bangonta ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, kuma farar ƙasa ba ta kama kunkunniya sai an kankare. Akwai ragowar rabin bokiti, na rufe ta da ruwa a sama don kada ta bushe. Maƙwabciyata ta ce Asabar mai zuwa za ta kawo kujerunta biyu mu saƙa tare, na ce ta sayo igiyar tun ranar Alhamis.